Baba Sanda bai gama ɗaura tsummokin hanya ba

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un.

Da safen nan labari ya iske ni, ina bakin rumfa ina farke buhun albasa. Baba Sanda mai keke ya rasu.

Na ce wa wanda ya kira ni ya sake faɗa. Ya sake. Na zauna a kan buhun, wuƙar ta suɓuce daga hannuna.

An yi jana'iza bayan azahar, dawowarmu ke nan. Ba rashin kaɗai ke damuna ba. Akwai aikin da Baba ya bari bai gama ba, ga shi gobe kasuwa. Don Allah ku daure ku karanta har ƙarshe.

Ga wanda bai san shi ba, shi ne tsohon nan siriri mai rumfar kayan keke nan kasuwar Malanville, a bayan 'yan shinkafa. Da can direban tifa ne. Lokacin da ake aikin kwalta su ne ke kwaso burji daga ramukan da ke daji tsakanin Malanville da Guéné, wajen da ake cewa tun kakanni maƙera ke haƙar tama. Aiki ya ƙare, aka kwashe injuna, aka bar ramuka da hanyoyin da tifa ta daddaɓe suka yi tauri kamar daɓen ɗaki. Kowa ya manta da su, ban da shi.

Ni kuwa kun san ni. Tun ranar da tirela ta goge ni a kan babur ɗin kabu-kabu kusa da gada, ko hon na ji daga nesa sai in firgita in yi gefe. Likita ya ce in riƙa hawan keke don gwiwata da ta bugu ta saki. Keke a ina? A kan babbar hanyar nan da manyan motoci ke jere tun daga duwan, wato ofishin kwastan? Na sayi keken dai, na jingine shi a zaure har gizo-gizo ya yi masa saƙa.

Da na gaji da ganinsa, sai na tura shi rumfar Baba in sayar.

Ya juya taya, ya matsa birki, ya dube ni. "Mi ya samu keken?"

Na ce, "Baba, keke lahiya lau yake. Mai shi na ba lahiya."

Ya yi dariya har da tari. Sannan ya daina, ya ce, "Tsoronka gaskiya na, ɗana. Ni na tuƙa kamyo, babbar mota, na sani. Muna sama kuna ƙasa, wallahi ba mu ganinku. Taho Lahadi da sahe in gwada maka hanyar da mota ba ta bi."

Ran nan na san akwai wata duniya a bayan garinmu. Ba hon, ba hayaƙi, ba ɗan kabu-kabu mai zaginka don ka tsaya. Sai ƙarar sarƙar keke da kukan kurciya, da jar hanya tana ratsa gonakin gero. Na yi ta waiwaye duk da haka, shi ya sa ya raɗa mini Sarkin Tsoro, sunan kuma ya bi ni har gurup ɗinmu na masu hawan Lahadi.

Bai taɓa bari na ji kunya ba. In na sauka ina tura keke a hawa, sai shi ma ya sauka ya ce tasa gwiwar ce ta motsa. Na daɗe kafin na gane ƙarya yake.

Dabino ba ya rabuwa da aljihunsa. In muka gamu da makiyayi, sai ya tsaya a gaisa a tambayi shanu ɗaya bayan ɗaya, mu muna tsaye rana na dukanmu.

Facin taya kuwa, in ya yi maka a daji ka miƙa masa kuɗi sai ya ɓata rai. Ya ce a rumfa ne yake ɗan kasuwa.

To ga abin da ya sa nake wannan dogon rubutu.

Hanyoyin nan suna da kyau, amma suna bi ta gefen ramukan, wasu kuwa zurfinsu ya fi gaban wasa. Da damina sai su cika da ruwa, ciyawa ta rufe bakinsu. Saboda haka Baba ke yanka tsofaffin fararen buhuna, yana ɗaura su a jikin itatuwa. Ka'idar ɗaya ce: in ka fito daga gari ka bar farin tsumma a damanka, in za ka shigo ka bar shi a hagunka. Duk lokacin da aka yi babban ruwa sai ya fita shi kaɗai ya duba, inda ƙasa ta zaizaye ya kwance tsummoki ya mayar da su can nesa.

Ba wanda ya sa shi. Ba wanda ya taɓa ce masa sannu da aiki, har da mu.

Da farko don mu yake yi, masu hawan nishaɗi. Daga baya masu itace suka gano hanyar, da mata masu kawo nono, da masu kaji. Akwai Buba, wani makiyayi daga wajen Guéné, da ke ɗaure zabi a bayan keke duk ranar kasuwa. Tun da jijjifi yake tasowa, gari bai gama wayewa ba, ba abin da yake gani sai farin nan. Ya taɓa ce mini ko ido rufe zai iya zuwa, tunda tsumman Baba bai taɓa yi masa ƙarya ba.

Buba ba shi da waya.

A farkon satin nan na ga Baba gani na ƙarshe. Washegarin ruwan nan mai ƙarfi ne, na biya rumfarsa da yamma na tarar da shi zaune, laka har gwiwar wando, fuska ta faɗa.

Na ce, "Baba, ina ka hito haka?"

Ya ce, "Babban rami. Ruwa ya cinye ƙarƙashin hanya, sama ta yi saura kamar ɓawon ƙwai. In ka duba ba ka ganin komi, amma keke da kaya ba ya wucewa. Na maida tsummoki har tsamiyar nan ta bakin hanya, sai jiri ya kama ni, na komo. Daga tsamiya zuwa gaba tsohhin na nan inda suke."

Na ce ya bari mu je tare da sauran ranar Lahadi.

"Lahadi ta yi nisa. In na ji dama jibi ni koma in ƙarasa kahin kasuwa."

Ya ba ni dabino biyu, ya ce in gaida mutan gida. Ni a zatona gajiya ce kawai. Daren ranar aka kai shi asibiti, ban ma ji ba sai yau.

Tun safe maganar nan ke cin raina. Muna sahu a wajen salla, ni hankalina na tsamiya. Astagfirullah, gaskiya ke nan. Tsummokin da ke bayan tsamiya suna nan fari fat, suna nuna wa mutane hanyar da ta rube daga ƙasa. An ƙara wani ruwan kuma jiya. Gobe da asuba Buba zai taso da zabinsa, ya bar farin a hagunsa kamar kullum.

Bayan mun dawo daga maƙabarta na shiga yi wa matarsa Inna Hajo gaisuwa. Ɗaki cike da mata, na durƙusa daga bakin ƙofa. Ta sa aka miƙo mini wata baƙar leda. Na buɗe, sai ga tsummoki, an yanka an jera.

Ta ce, "A gadon likita yac ce in ba ka. Yac ce a ba Sarkin Tsoro."

Na ce, "Inna, ko dai kin ji ba daidai ba? Ga su nan ƙarhaha cikinmu, masu tsere da babur. Ni ko rami ban iya leƙawa."

"Haka ni ma nic ce mishi. Yac ce jarumi ba ya duban ƙasa, gaba yake dubi. Yac ce ka sauka bisa keke, ka taka da ƙahwa. Inda zuciyarka ta ƙi, kar ka ɗaura."

Nan na yi kukan da ban yi a maƙabarta ba.

Shekara da shekaru ina jin haushin halina, ina ganin Baba haƙuri kawai yake yi da ni. Ban taɓa bin hanyar nan ba sai bayansa na gabana, rigarsa na kaɗawa, in ya kauce in kauce. Yau ba kowa a gaba.

Ledar na gefena yanzu. Na sa iska a taya. Na kuma san ina jan rubutun nan ne don kada in tashi, rana kuwa ba jirana take ba.

Saboda haka ga roƙona. Duk mai ɗan'uwa a wajen Guéné ko rugagen da ke kusa da ramukan, ya kira shi yanzu, ba anjima ba. A ce kada kowa ya bi tsohon tsumma tsakanin babban rami da tsamiya, a keke ko a ƙafa. Wanda ya san rugar su Buba ya aika ko da ɗan kabu-kabu ne, ni zan ji da shi. In kunne ya ji, jiki ya tsira. Ku tura wannan a kowane gurup.

'Yan hawan Lahadi, wanda ya samu dama ya same ni a tsamiya kafin magariba. Amma ku bar keke a gindinta, kuma ku biyo bayana. Kada wanda ya ce in yi sauri.

Allah ya jiƙan Baba Sanda, ya gafarta masa, ya yalwata kabarinsa. Yadda ya yi shekaru yana kau da bayin Allah daga bakin rami ba wanda ya gani, Allah ya kau da shi daga wuta, ya haskaka masa hanya. Allah ya ba Inna Hajo da 'ya'yansa haƙuri.

Duk wanda ya karanta, don Allah ya tsaya ya yi masa addu'a, ko Ƙulhuwallahu ce ƙafa ɗaya. Ku sa Buba a ciki, da duk mai tasowa kasuwa gobe.

Ni ma ku sa ni. Ba na roƙon a cire mini tsoron nan yau. Ku roƙa mini Allah ya sa ƙafata ta ji shi a daidai inda ya kamata.

Na tashi. Bismillah.