Kabarin Kaka da Kumbon Duniyar Mas

Na daɗe ina ɗaukar biro ina ajiyewa, don tsoron kada a ce mai ilimin firamare ya tsoma baki a maganar da ta fi ƙarfinsa. Amma abin ya ƙi barin zuciyata, kuma na san har in koma ga Allah ba zan manta da shi ba.

Wani rani ne rijiyar unguwarmu ta ƙafe, a ƙauyenmu na ƙasar Dutsi. Yayana ya ce mu haƙa tamu a bayan gida. Damuwata ita ce a nan bayan gidan aka binne kakanmu, kamar yadda akan yi wa wasu manya a da. Katangar da ta kewaye kabarin ta rushe tun muna yara, waɗanda suka san daidai wurin kuma duk sun rasu.

Ana cikin haka na ji a rediyo wai akwai kumbo yana zagaya duniyar Mas da wata na'ura mai suna rada, daga sama take gano abin da ke ƙarƙashin ƙasa, har ƙanƙara ta gano. Na fita da gudu, na tarar masu haƙa sun shata da'ira.

"Yaya, don Allah a dakata. Akwai na'urar da za ta nuna mana inda Kaka yake."

"Tana ina?"

"A sama."

"To sauko mana da ita. Mata na jiran ruwa."

Washegari na hau babur zuwa Daura, wurin wani malamin kimiyya, surukin maƙwabcinmu. Ya ce na'urar tana harba irin saƙon rediyo ne cikin ƙasa, ya dawo kamar amsa-kuwwa, daga dawowarsa a gane dutse ne ko ƙanƙara. Na tambaye shi yaushe kumbon zai biyo ta Dutsi.

"Malam, ba zai biyo ba. Ko ya biyo, shimfiɗar ƙasa mai faɗin gari yake gani, ba makwancin mutum ɗaya ba."

"To ta yaya abu zai leƙa cikin wata duniya, ya kasa leƙa bayan gidanmu?"

Ya sake yi mini bayani a hankali, na ƙara ruɗewa.

Da na koma, Yaya ya sa an fara haƙa kusa da rumbu. Na tsuguna a bakin ramin, duk gugan ƙasar da aka jawo sai na tone shi da yatsu. Ba mu ga ƙashi ba. Ruwa ya fito, kowa na murna, ni kuwa har yau in zan je rijiyar a gefe-gefe nake takawa, don ban san ko a kan Kaka nake tafiya ba.

Abin da na koya shi ne a tambayi tsofaffi tun suna da rai, a kuma sa alama. Jama'a, in akwai wanda ya san ana samun ƙaramar irin wannan na'ura da ake turawa a ƙasa, don Allah ya sanar da ni inda zan neme ta. Dutse kawai nake so in ajiye a kan kabarin Kaka.