Matakalar Ƙarshe

Shekarar da farin tabo ya fito wa kakarmu Hajja a hannu, aka mayar da ita ɗakin saman bene a gidanmu na unguwar Bagdadiyya, can ƙasa mai tsarki. Babanmu, ɗanta na cikinta, bai kai ta asibiti ba. Ba ta da iƙama, wato takardar izinin zama, yana tsoron a riƙe ta a sa ta a jirgi a mayar da ita ƙasarmu. Maƙwabta suka ce kuturta ce, halas, magana ta ƙare. Aka ware mata kofi da kwano, mu yara aka ce matakalar ƙarshe ce iyakarmu.

A nan muke jeruwa bayan magariba, ita tana can gefe tana fifita gawayin shayinta. Wata rana ta ce, "Yau ba tatsuniya ba ce, kada ja'irin da ya ce mini ta zo mu ji ta."

Labarin Bani Isra'ila ta ba mu. Wai su in tabo ya fito wa mutum, malaminsu ke dubawa, ya killace shi mako guda, ya sake dubawa. In cutar ce, sai a fitar da shi bayan gari. Har bango, in ya yi tabo, a kwashe kaya a rufe gidan, a ciccire duwatsun, in ya dawo a rushe.

Na ce, "Kai, Hajja, mutanen nan ba su da tausayi!"

Ta yi wata 'yar dariya. "Yaro man kaza. Ai malamin yakan taka da ƙafarsa har bayan gari ya duba. In an warke, a yi wanka, a yi aski, a dawo gida." Ta ɗaga murya yadda za a ji a ƙasa. "Su suna da mai dubawa."

Babanmu yana tsakar gida. Ya ƙara muryar rediyo.

Ba wanda ya hau ya duba. Sai ranar da ta cika aka haye matakalar nan, har da maƙwabta, ana ta Allah ya jiƙan Hajja. Wallahi har yau abin yana ci mini rai.

Bayan shekaru, ina zaune a unguwar Safa da iyalina, irin tabon nan ya fito mini a hannu. Likita ya kama hannun, ko safar hannu bai sa ba, ya juya shi ya ce, "Wannan ai ba ya yaɗuwa. Je ka gida."