Ƙarfe Huɗu da Minti Goma

In mai karatu yana neman wawan wannan labari, kada ya wahalar da kansa, ni ne. Na gwammace in faɗa da bakina, domin jikokina sun fara jin zancen a bakin mutanen waje, su kuwa mutanen waje suna ƙara masa gishirin da ba ya buƙata. Wautar da na tafka ta wadatar yadda take.

A shekarun da kuɗin fetur ya malalo har ya iso Wudil, lokacin da mai gadi kan sayi rediyo biyu, ɗaya don labarai ɗaya don kiɗa, ni ne ɗan bokon gidanmu. Na yi elementare aji uku da rabi. Rabin nan ina ji da shi har gobe, don hedimasta da kansa ya kira ni ya ce in je gida in huta, abin da na samu ya ishe ni. Fanni ɗaya na fi kowa a ajin, shi ne karanta agogo. Da kuɗi ya zo na sayi na hannu mai ruwan zinare, na zama wanda ake tsayarwa a hanya a tambayi lokaci, ko da mai tambayar ba shi da inda za shi.

Yayana, ɗan farin innarmu, dillalin shanu ne a kara. Bai san baƙin boko ko ɗaya ba, amma in ya buɗe bakin bijimi ya leƙa haƙora zai gaya maka shekarunsa da rijiyar da ya sha ruwa jiya. Shi ya sayi motar, daga hannun wani Bature injiniyan hanya da zai koma gida. Ja ce, ƴar Amurka, ƙofa biyu, hancinta ya fi ɗakin kwanana tsawo. In aka tayar da ita kajin unguwa sukan yi kwana biyu ba su yi ƙwai ba. Ba ta da kuloci. Totur da birki kawai, otomatik, ita ke canza giya da kanta. Ranar da aka gaya wa limaminmu haka sai da ya nemi tsari, aka yi masa bayanin cewa ba ta kwalba ake nufi ba.

A shekarar Inna ta tafi aikin hajji. Yaya ya tsaya a tsakiyar kara, gaban dillalai da Fulani da masu fura, ya rantse da Allah cewa Hajiya ba za ta ƙetare gadar Wudil a cikin wata mota ba sai wannan. Wanda ya san kara ya san irin wannan rantsuwa ba ta faɗuwa ƙasa. Mutum ɗari sun ɗauke ta sun ajiye.

Saura mako ɗaya alhazai su sauka, Yaya ya ɗaura wa motar sarƙa don ya jawo wata lori da ta kafe a rairayin bakin kogi. Lorin ba ta motsa ba. Gindin motarmu ya ce ƙaras. Bakanikenmu, wani dattijo da ya tsufa a ƙarƙashin manyan motoci, ya buɗe tulun aksul na baya, ya zubo haƙoran ƙarfe a tafin hannunsa kamar ɓararriyar gyaɗa.

Allah ya taimaka Baturen ya bar mana akwatin katako cike da kayan gyara. A ciki aka sami faifan ƙarfe uku masu haƙora, kowanne da ƙaramin abokinsa, kowanne an rataya masa ƴar takarda. Bakanike ya jera su a kan buhu.

"Alhaji, ƙarfe uku ne a nan. Wanne za a sa?"

Yaya ya durƙusa. Abin haƙora ne, ya ga fagensa. Shi da bakanike suka shiga ƙirga, yatsa na bin haƙori. Sun kai arba'in da ɗaya a babba, goma a ƙarami, bakanike ya fara cewa, "To ka ga wannan, in ka raba..." sai na yi gyaran murya.

"Yaya, Bature ya rubuta abu da hannunsa, ku kuna ƙirga haƙori? Saniya ce?"

Suka matsa mini. Na naɗe hannun riga yadda agogo zai fito, na ɗaga takardun. Ta farko 2.73. Ta biyu 3.08. Ta uku 4.10. Sai na ji wani haske ya sauko mini, irin wanda ba ya sauko wa mutum sai sau ɗaya a rayuwa, alhamdu lillahi.

"Ai lokaci ne," na ce. "Haka Turawa ke rubuta lokaci, lamba, ɗigo, lamba. Baba, kai da bakinka ka ce ƙarfe uku. To wannan ƙarfe uku ne da minti takwas. Kowane ƙarfe da lokacin da yake kai mutum gida."

Bakanike ya dube ni, ya dubi Yaya. "Malam, ni dai a sanina..."

"Baba, ka yi aji nawa?"

Allah ya yafe mini wannan tambaya, dattijon nan ya riga mu gidan gaskiya.

"To na farkon fa?" in ji Yaya.

"Ƙarfe biyu da minti saba'in da uku. Babu wannan lokaci a ƙasar Kano. Na can Amurka ne, awarsu ta fi tamu tsawo. A ajiye shi."

"Na biyun?"

"Uku da takwas. Wa ke waje a uku da takwas? Gari na ƙailula. Ka shigo da Hajiya, awaki ne kaɗai za su gani. Amma dubi wannan. Huɗu da minti goma. An sallame la'asar, jama'a na fitowa daga masallaci, ana neman takalma, sai ga jar mota a kan gada."

Yaya ya lumshe ido, na san yana kallon gadar. Duk da haka dillali ne, sai da ya taya.

"Auta, kana nufin ƙarfe ya san lokaci?"

"Yaya, motar da ta san lokacin canza giya ba wanda ya gaya mata, la'asar ce za ta gagare ta?"

Nan magana ta ƙare. Bakanike ya yi kwana biyu yana ɗaurawa yana ƙunƙuni.

Ranar gwaji kuwa sai da na ga kamar a naɗa mini rawani. Yaya ya ɗan taɓa totur, motar ta zabura, tayoyin baya suka yi ihu suka bar baƙaƙen layi biyu a kwalta, hularsa ta tashi ta sauka a kujerar baya. Daga tasha zuwa bakin kasuwa babu abin da ya isa ya bi ta. Mutane suka ce boko gaskiya ne. Wani daga Dagumawa ya kawo mini takardar asibitin matarsa in duba masa lokacin da za ta haihu.

Ranar Alhamis jirgi zai sauka. Muka kama hanyar Kano da hantsi, a hankali, domin Yaya na tsayawa gaisawa da duk wanda ya taɓa sayar wa akuya. Na lura injin yana gurnani fiye da da, kuma allurar mai tana sauka kamar guga a rijiya. Yaya ya tambaya, na ce murna take yi.

Jirgi ya makara. Kafin a gama da kaya, a fito da Inna, uku da rabi ta gota. Ta fito a rame, fes da ita, da sabon haƙorin Makka yana walƙiya. Yaya ya durƙusa ya gaishe ta, ta kau da kai ta amsa wa iska, kamar yadda ta saba, don Inna ba ta taɓa kama sunan ɗan farinta ba, ba ta yaba masa, ba ta yi masa faɗa a gaban mutane. Duk abin da ya kamata ya sauka a kansa, kaina yake sauka. Aka kwantar da kujerar gaba, ta sunkuya ta shiga baya tana salati, na zauna gefenta.

"Auta, wannan wace irin mota ce mai ƙofa biyu? Kuɗin ne bai kai ba?"

Muna fita gari Yaya ya dubi agogona ta madubi. Na ce kada ya damu, ya taka kawai, ƙarfe ya san aikinsa.

Ya taka. Motar ta shiga giya ta biyu, ta shiga ta uku, daga nan giya ta ƙare, ihu ya ci gaba. Ban taɓa jin ƙara irin wannan ba. Kwanon zamzam na rawa a cinyar Inna, haƙoranmu na kaɗawa, har na Makkan. Allurar gudu ta wuce ɗari tana neman bango. Yaya ya waiwayo yana murmushi.

"Auta, mil ɗari!"

Daidai nan wata tsohuwar tasi ɗauke da buhunan albasa ta zo ta gefenmu, direbanta na cin rake, ya ɗaga mana hannu, ya wuce.

"Shi kuma wancan ɗari nawa yake yi?" in ji Inna.

Na ce tasi ba ta da lissafi.

Mun ɗan wuce Gano sai wani wari ya taso, kamar an manta tukunya a wuta. Farin hayaƙi ya turnuƙe hancin motar, wani abu ya fashe a ciki, ta yi tari uku, ta gangara gefen hanya ta tsaya. Shirun da ya biyo baya har kunne yake yi wa zafi. Na saci kallon agogo. Huɗu da minti goma daidai. Wallahi na buɗe baki zan nuna musu, Allah ya rufa mini asiri na haɗiye.

Inna ta fito ta yi alwala da ruwan buta, ta yi la'asar a gindin kuka. Yaya ya zauna a kan dutse, ya dafe kai. Ba motar yake tunani ba, kara yake tunani, ga gobe Juma'a ranar kasuwa.

Sai ga lori cike da shanu, ta nufi Wudil. Direban mutumin Darki ne, ya san Yaya. Ya tsaya, aka gaisa, aka yi wa Hajiya barka da sauka, aka tambayi mutanen Makka da na Madina. Ya leƙa inji ya ce lagireto ya tafasa har ya fasa tiyo, injin ma sai abin da Allah ya yi.

"Hajiya ta shigo gaba, ranka ya daɗe, minti ashirin muna gida."

"Na rantse," in ji Yaya, kansa a ƙasa.

"Ai na ji, ina wurin." Direba ya sosa ƙeya. "Amma cewa ka yi a cikinta za ta ƙetare gada. Ba ka ce da ƙafarta motar za ta je ba."

Yaya ya ɗago kai a hankali, kamar wanda aka yi wa fatawa.

Direba ya ce otomatik ba a jan ta haka nan, sai an kwance farfela, wato doguwar sandar ƙarfen da ke kai juyin inji zuwa tayoyin baya, in ba haka ba akwatin giya ya ƙone. Ya ɗaga gindin motar da jak, ya shige ƙasa. Can muka ji ya ce, "Kai! Wa ya ɗaura wannan?"

Ya fito ya tsinci gawayi, ya yi alama a farfela, ya yi a taya, ya sa mu juya tayoyin zagaye ɗaya yana ƙirgawa da ƙarfi. Ɗaya. Biyu. Uku. Huɗu, da ɗan ɗoriya.

"Kun gani? Farfela ta juya sau huɗu da ɗoriya, taya sau ɗaya tak. Wannan ƙarfen tsere ne na ɗan gajeren fili, ko na jan kaya. Tashi kamar aljani, amma a doguwar hanya inji zai yi ta kashe kansa, ga shan mai, ga agogon gudu na yi muku ƙarya. Ita kuma giyarta uku ce, ba ta da ta huɗu da za ta huta a ciki. Babu mai uku da ɗoriya a kayanta? Shi ne daidai ku, gari da hanya."

"Akwai," in ji Yaya. Bai dube ni ba. Da ma ya dube ni, da ya fi mini sauƙi.

Aka ɗaura sarƙa. Yaya ya riƙe sitiyari, Inna ta koma mazauninta, ni kuma aka ɗora mini farfela a cinya, kanta ɗaya ya leƙa ta taga, don but ɗin bayan mota cike yake da tsaraba. Muka tafi a bayan lori. Ta tsakanin katakai shanu suna kallonmu, wata farar saniya ta kafe Inna da ido tun daga nan har gari, wasu kuma suna aiko mana da abin da shanu kan aiko, yana sauka a jan hancin nan.

Da muka hau gada rana ta yi ja. Jama'a ba su watse ba, ashe tun la'asar suke tsaye. Mata suka ɗauki guɗa, suka sake ta a tsakiya da suka ga abin da ke gaba, sa'an nan suka ga Hajiya a bayan gilashi suka sake ɗauka. Dillalan kara suna gefe guda, na ga wani yana nuna sarƙa, wani yana nuna Inna, ana gardama. Yaya ya miƙe wuya yana ɗaga hannu kamar shi ke jan lorin. Rantsuwa dai ta fita, ko da a ɗaure.

Ni kuwa da na ga an tsira, sai bokona ya farfaɗo. Na gyara zaman farfela a cinyata, na karkata wajen Inna.

"Hajiya, abin lissafi ne, ba lalle ki gane ba. Wannan sandar da kike gani, ita ke juyawa sau huɗu kafin taya ta juya sau ɗaya. Da ma na so in yi musu bayani tun a gareji."

Inna tana ɗaga wa mata hannu, ko juyowa ba ta yi ba.

"Me zai hana in gane, Auta? Ni na haifi irinta. Bakinka kan juya sau huɗu kafin kanka ya juya sau ɗaya."