Sifirin Mushe a Gindin Ƙwarya

A ƙauyenmu na wajen Yekuwa, idan an gama girbi an zuba gero a rumbu, Iya kan koma sana'arta ta zanen ƙwarya. Iya ita ce mahaifiyar babana, gajeruwa, mai baki kamar barkono. Bayan tuwon magariba sai ta hura wuta da kara, ta cusa wuƙaƙenta biyu cikin garwashi, mu jikoki mu kewaye ta. Bakinta na ba da tatsuniya, hannunta na ƙona layi a bayan ƙwarya. Har yau in na ji ƙaurin duma, ita nake tunawa.

Ina aji uku a lakwal, wato makarantar boko, malaminmu da muke kira mushe ya ce kowa ya zana abin da ya gani a hanya. Yara suka zana jakai da amalanke. Ni kuwa guguwa na gani tana wasa da ganye a gonar gyaɗa, sai na cika shafi da lanƙwasassun layuka da ɗige-ɗige. Mushe ya ɗaga littafina ya nuna wa aji, ya ce, "Kaza ce ta yi tono a nan?" Aka kwashe da dariya. Ya zabga mini ƙaton sifiri da jan biro a tsakiyar shafin. Na ji kunyar da ban taɓa ji ba, na ƙudura a raina ni da zane har abada.

Da yamma na yage shafin zan jefa a wuta, Iya ta cafke hannuna.

"Kai maigida, wutar taka ce ko tawa? Kawo in gani."

Ta daɗe tana jujjuya takardar. Ba ta ce ya yi kyau ba, ba ta ce bai yi ba. Ta danne ta da gwiwa, ta jawo sabuwar ƙwarya, ta ce, "Ku gyara zama, ga wata ta taho muku."

Wai a wani gari maigari ya ce yana so a zana masa iska. Wani ya zana itace a sunkuye, maigari ya ce wannan ai itace ne. Wani ya zana bukka ba jinka, ya ce wannan ai bukka ce. Sai wata tsohuwa ta zo da ƙwarya, ba komai a bayanta sai karkatattun layuka. Gari ya yi ta mata dariya. Ita dai ta ce a kawo mata ruwa.

A nan Iya ta tsaya. "Ragowar sai jibi, hannuna bai gama ba." Muka yi ta magiya, ko kallonmu ba ta yi ba.

Ran jibin ta sa aka cika daro da ruwa kusa da wuta. Ta kifa ƙwaryar a kai, ta murza ta da yatsa uku. Sai layukan suka tashi. Ɗige-ɗigen suka shiga bin juna, suna hawa suna sauka, hasken wuta na kama su yana saki. Ƙanwata Hadiza ta dafe kallabinta ba ta sani ba.

"Yauwa, haka mutanen garin suka yi," in ji Iya. "Tatsuniya ta ƙare, kowa ya riƙe hularsa."

Sai da ƙwaryar ta tsaya na gane layukana ne, babu wanda ta bari. A gindin ƙwaryar, daidai tsakiya, har da'irar mushe ta ƙona.

"Iya, wannan ba nawa ba ne. Sifiri ne, mushe ya ba ni."

"Ina na san wani sifiri? A tsakiya na gan shi, na ba shi tsakiya." Ta sake murzawa. "Duba ka gani. Kowa na tafiya, shi kaɗai ke zaune."

Yanzu a Damagaram nake, ina haɗa zane mai motsi a na'ura. Har gobe akwai masu leƙa aikina kafin ya motsa su ce, "Wannan kuma mene ne?" Na daina jin haushinsu, na daina jin haushin mushe ma. Ba mugu ba ne, abin gudu aka nuna masa a tsaye. Iya ta daɗe da rasuwa, kuma ina kewarta ƙwarai. Ƙwaryar ta tsage, na kai an ɗinke. Duk ranar da aka mayar mini da aiki aka ce bai yi kama da komai ba, nakan cika daro da ruwa in murza ta. Guguwata na nan na gudu, sifirin kuma yana inda ta ajiye shi.