Babana da Dabba Mai Zuciya Uku

Jiya da hantsi na tarar da mai gadin lakwal, makarantar da nake koyarwa a Madawa, ya jera tsofaffin pil, wato batura, a kan katanga yana shanya su, wai ko rana za ta ƙara musu ƙarfi su yi masa kwana biyu a radiyo. Da na matsa kusa, warin nan na gawayi da tsatsa ya buge ni. In kai ma ka tashi a gidan da ake shanya pil, ka san warin da nake nufi. Ni a wurina warin hannun babana ne.

Ƙauyenmu yana gindin dutse, can wajen Allakaye a ƙasar Buza. Da damina gero da dawa, da rani albasa a fadama ga wanda yake da ƙarfin jan ruwa. Babana manomi ne kamar kowa, kuma kamar yawancin mazan Adar, in an gama girbi yakan tafi cin rani Abijan. Daga can ya zo da radiyo mai rigar fata. Ba mutum ne mai yawan magana ba, amma yana da dariya, irin wadda ake jiyowa daga bayan danga. Sunan mahaifiyarsa aka sa mini, saboda haka bai taɓa kirana da komai ba sai “uwata”.

Ina da ƙane namiji. A lokacin da nake ba ka labarinsa bai daɗe da iya gudu ba, kullum yana riƙe da gefen rigar baba har bakin rijiyar fadama. A bazarar wannan shekara ƙyanda ta shigo gari, ta bi gida gida. Mu biyu ta kwantar da mu rana ɗaya. Nawa jikin ya fito da ƙurajen, nasa suka maƙale a ciki, numfashinsa ya koma kamar ana jan zarto. Da asuba baba ya ɗaura wa jaki amalanke ya ɗauke shi zuwa likita a Buza. Inna ba ta bi su ba, domin ni ma ina kwance ba a san inda zan faɗa ba.

Kafin azahar ya dawo. Ban ga shigowarsa ba, idanuna a kumbure suke. Na dai ji tsayuwar amalanke, na ji shiru, sannan na ji wani sauti ya fito daga bakin inna sau ɗaya. Daga baya aka gaya mini a cikin rawaninsa ya naɗo yaron.

Bayan an watse daga zaman makoki, baba bai sake zuwa cin rani ba. Ya koma zama a gindin aduwar ƙofar gida da radiyo a cinyarsa, yana murɗawa yana neman tashoshin da ake amsa tambayoyin masu saurare. Bai yi kuka a gaban kowa ba, bai kuma sake ambaton sunan yaron ba. Ba za a ce kunyar ɗan fari ba ce, tunda ba shi ne na fari ba. Sunan dai ya fita daga bakinsa kawai.

Wata safiya muna shan kunu, jikina duk tabon ƙuraje, ya dube ni ya ce, “Uwata, kin san giwa ba ta iya tsalle?”

Na ce ban sani ba. Ban ma taɓa ganin giwa ba. Ya ce duk girmanta, ƙafafunta huɗu ba su barin ƙasa a lokaci guda. Na yi dariya, ita ce dariyar farko da aka yi a gidanmu tun ranar amalanke. Inna ta ɗago kai ta dube mu, ta ci gaba da tankaɗe.

Daga ranar kullum da abin da zai kawo. Sauro mace ce kaɗai ke cizo, namijin ruwan furanni yake sha. Zuma ba ta ruɓewa ko ta shekara nawa a tulu. Kada ba ya iya fito da harshensa waje. Raƙumin dawa, duk tsawon wuyansa, ƙasusuwan wuyan yawansu ɗaya da na mutum. Ya kama hannuna ya ɗora a ƙeyata ya ce in lalubo nawa. Yakan riƙe abu guda yini sur yana juya shi a baki, ya faɗa wa mai kawo itace, ya faɗa wa wanzami.

Da farko mutanen gari sun ji daɗi. Akwai wani makiyayi amininsa da yake riƙe mana awaki, in ya shigo gari yakan tsaya su sha shayi. Baba ya gaya masa cewa tozon raƙumi kitse ne, ba ruwa ba. Makiyayin ya ajiye kofi ya ce, “Wanga ma sai an faɗa a radiyo? To su tambaye ni, in ƙara musu.” Aka yi ta dariya. Ranar da ya ce akwai ƙasar da rana take yin watanni ba ta faɗi ba, limamin garinmu da kansa ya zo gindin aduwa, suka yi ta ja har la'asar a kan yadda mutanen can suke buɗa baki da azumi.

Amma abin bai tsaya a gindin aduwa ba. In aka tambaye shi yaushe zai gyara rufin rumbu, sai ya ba da labarin tururuwa. Aka yi rasuwa a gidan maƙwabcinmu, ana zaune jugum a kan tabarmi, sai aka ji muryarsa yana gaya wa na kusa da shi cewa maciji ba shi da fatar ido, shi ya sa ba ya ƙiftawa. Dattawa suka sunkuyar da kai. Yara suka fara kiransa radiyon gari, in ya wuce su toshe hanci suna kwaikwayon muryar masu labarai. Na yi dambe a kan wannan har aka fasa mini leɓe.

Inna kuwa abu ɗaya take so. Tana son ya gaya mata abin da ya faru a hanyar Buza. Ko yaron ya sha wuya, ko ya nemi ruwa, ko ya kira ta, a gindin wane icce ran ya fita. Na ji ta tambaye shi a hankali tana zuba masa ruwan alwala. Na ji ta tambaye shi ta bakin kaka, mahaifiyarsa. Kowane lokaci sai ya ce, “Kwana ya ƙare,” ya kai hannu ga radiyo.

Sau ɗaya na ga abin ya kusa ɓalle masa. Ya fara cewa, “Uwata, kin san jariri ya fi babba yawan ƙashi a jiki? In yana girma ne suke haɗewa, in ya kai…” Sai ya tsaya. Bakinsa ya ci gaba da motsi babu murya. Ya tashi ya ɗauki kalme ya nufi gona, alhali ko ɗigon ruwan sama bai sauka ba.

Ranar da abin ya ƙare, lokacin cirar albasa ne na shekara mai bi. Tsakar gida cike da lawashi ana dakawa ana dunƙula gabu, warin yana sa ido ruwa. Inna tana kan turmi. Baba ya shigo da fara'arsa ya ce ya ji wani abin mamaki, wai a cikin teku akwai wata dabba mai hannu takwas, kuma zuciyarta uku.

Inna ta jingine taɓarya. Ba ta ɗaga murya ba.

“Uku, Malam?”

“Uku,” in ji shi.

“To ka roƙe ta ta ara maka guda, ka gaya mini da ita yadda ɗana ya mutu.”

Na zaci zai yi faɗa, ko ya fita. Ya tsaya yana kallon dunƙulen gabu a kan tabarma. Can ya ce, da wata ƙaramar murya, “An ce kuma jininta shuɗi ne.”

Inna ta wanke hannunta, ta shiga ɗaki ta ɗaure kayanta. Da la'asar ta bi kamiyo, babbar motar ɗaukar albasa, zuwa garinsu, wajen Sabon Gida. Ta so ta tafi da ni, kaka ta ce ina lakwal, a bari sai hutu.

Kowa ya ce yaji ne, za a yi biko ta dawo. Kaka ta tura ƙannen baba. Amsar da suka kawo gajeriya ce: baba ya zo da kansa ya yi magana. Ya shirya har ya sa babbar riga, ya kai tasha, ya juyo.

A cikin wannan rani ya ɗauke ni muka hau dutsen bayan gari neman itace. Rana ta take, duwatsu suna ƙona tafin ƙafa ta cikin takalmi. A can bisa ya tsuguna ya tono wani farin dutse ya tofa masa yawu ya goge da babban yatsa. Sai ga siffar ƙwaryar katantanwa a jiki, da zanenta duka. Ya ce wani ma'aikacin dashen itatuwa da ya zo daga Keita ne ya nuna masa. Ya ce, “Nan duk teku ne da, uwata. Inda muke tsugune kifi ke yawo.” Na dubi ƙasa, babu komai sai jan dutse da ƙaya har iyakar gani.

Na ce, “Baba, inna za ta komo?”

Ya daɗe yana juya dutsen a hannu. Ya ce, “Kin san shamuwa, duk nisan ƙasar da ta je da rani, garin da ta bari take komowa?”

Na ɗauki wannan a matsayin alkawari. Na riƙa duban sama kullum. Da bazara ta yi nisa shamuwa suka zo, suka sauka a kan gawon bakin masallaci suna gyara sheƙa. Ruwa ya sauka, aka yi shuka, aka yi noma, gero ya fitar da kai. Inna ba ta zo ba. Bayan girbi aka raba auren a gaban dattawa, daga baya ta yi wani aure a can.

Na girma tsakanin gida biyu. A wurin inna ba a maganar baba. A wurin baba ana maganar komai na duniya ban da abu guda. Bai sake aure ba. Kaka ta rasu, gidan ya rage daga shi sai radiyo. Da na tafi karatu, in na zo hutu nakan tarar ya tara mini abubuwan mamaki kamar yadda wasu iyaye suke ajiye wa 'ya'yansu goriba. Idonsa ya yi hazo, kunnensa ya yi nauyi, masu zama gindin aduwa suka ragu har ya zama shi kaɗai.

A ciwonsa na ƙarshe na zo da ɗana na goye. Da safe muka fito da shi tsakar gida ya sha hantsi. Na kwance goyon, yaron ya ɗaga kai ya dubi rana, sai ya yi atishawa sau biyu. Baba ya juyo da sauri.

“Mi ya yi?”

Na ce atishawa ce, haka yake yi duk lokacin da ya dubi rana.

Ya shafa kan yaron. Sannan ya ce, “An ce akwai mutane haka, gado ne.” Na zaci iyakarta ke nan. Sai ya ci gaba, ya kira sunan ƙanena, sunan da ban ji a bakinsa ba tun ina yarinya. “Shi ma haka yake. A hanya, da rana ta fito, rawanin ya zame daga fuskarsa, ya yi atishawa, ya buɗe ido ya dube ni. Na ce alhamdulillahi, ya samu sauƙi. Na ba shi ruwa ya sha. Ya kwantar da kai a nan.” Ya dafa ƙirjinsa. “Ina ta yi masa magana, ina nuna masa raƙuma. Na yi nisa ina magana kafin in gane ni kaɗai nake ji.”

Na ce, “Ya kira inna?”

“Bai kira kowa ba. Bai yi kuka ba. Barci ya yi.”

Bai ƙara cewa komai a kai ba, kuma bai ga ƙarshen watan ba.

Bayan an share makoki na hau mota zuwa Sabon Gida. Na tarar da inna ta tsufa, tana zaune tana ɓarar wake. Na gaya mata duka, yadda ya faɗa. Hannunta bai daina aiki ba har na kai ƙarshe. Sai ta ce, “Ya sha ruwa?” Na ce ya sha. Ta gyaɗa kai. Ta ce, “Abin da na so in ji ke nan. Shi ke nan fa.” Ta ja mayafi ta rufe fuska, na zauna kusa da ita har inuwa ta juya.

Yanzu akwai ɗakin magani kusa da ƙauyenmu, ana yi wa yara allurar ƙyanda a ƙofar gida. An sare aduwar, wani ya gina shagon cajin salula a wurin. Abubuwan da babana yake jira mako guda kafin ya ji ɗaya, ɗalibaina suna ganin tarinsu kafin su gama karin kumallo, suna turewa da yatsa, ba wanda yake kwana da ko guda a ransa. Amma wani lokaci akan sami yaro ɗaya da zai ƙi fita in an tashi, ya tsaya bakin tebur yana murza gefen rigarsa, ya ce, “Madam, kin san kifi ba ya rufe ido in yana barci?” Nakan ajiye alli in saurare shi har ya gama. Sannan in tambaye shi lafiyar mutanen gida, in kuma jira amsa.