Mai Zif da Fitilar Tsaye

A unguwar kaf babu mai kiranta da sunanta na gaskiya. Mai Zif ake ce mata, domin duk wanda zif ɗin wandonsa ko na jakarsa ya ci amanarsa, benensu yake hawa, ya yi ta haki har hawan ƙarshe, ya ƙwanƙwasa ƙofar hagu. A gida kuwa Yaya ce. Ita ce babba, kuma tun tana ƙarama ta san fassarar kalmar: kowa ya ci ya tashi, ita ce mai kwashe kwanuka.

Da can a wani kamfanin ɗinka kayan makaranta take aiki, a teburin yanka, dogon teburi a gindin manyan tagogi. Almakashinta ba ya gargada. Har an fara raɗe-raɗin za a ba ta shugabancin sashen, akwai kuma wani mai gyaran injuna da ke yawan samun matsala a injin da ke kusa da ita, ko da injin lafiyarsa ƙalau. Ana cikin haka mahaifiyarsu ta rasu, ba a jima ba ɓarin jikin Baba ya shanye.

Ƙannenta biyu suka zo. Auta yana aiki a gari mai nisa. Gimbiya, wadda ta samo sunan saboda ba a taɓa ganin hannunta cikin ruwan wanke-wanke ba, tana da miji da yara.

"Yaya, ki ɗan riƙe shi kafin mu ga yadda za a yi," in ji su.

Wannan "kafin" ɗin ya yi ta miƙewa har furfura ta fito mata. Mai gyaran injuna ya jira iya jiransa, ya auri wata. Ita kuwa ta sayi tsohon keken ɗinki ta kafa a falo, tana rage tsawon wando, tana canza zif.

Falon ba shi da faɗi. Gadon Baba na jikin bango, keken ɗinkinta na ɗaya bangon, tsakaninsu 'yar hanya ce daidai wucewar keken guragu. Amma akwai taga. Baba tsohon direban babbar mota ne, ya cinye ƙuruciyarsa a kan kwalta, don haka kullum da safe takan tura shi bakin tagar ya yi ta kallon titi. In wata mota ta wuce tana gurnani sai ya girgiza kai, ya ce da karkataccen bakinsa, "Wannan yaron zai kashe giyar motar nan."

Sai aka sayar da filin da ke gefensu. Bulo ya fara tashi, jeri bisa jeri, tana kallo kamar ruwa na cin mutum daga gwiwa zuwa wuya. Ranar da magina suka wuce saitin tagar, ta miƙa hannu ta taɓa sabon bangon da yatsunta. Daga ranar, tsakar rana a falon ta koma kamar magariba.

Ƙwan fitila ɗaya ne a silin, a bayanta yake, in ta sunkuya inuwar kanta ce ke faɗawa kan allura. Mai gidan haya ya ce ko ƙusa ba a buga masa a bango, balle a ja sabuwar waya. Wata rana ta ɗinke baƙin wando da zare shuɗi, mai wandon ya tsaya a bakin ƙofa ya wanke ta tas. Baba kuma ya rikice. In ta kawo abincin rana sai ya ture.

"Wa ke cin abinci gari bai waye ba?"

Ta kira ƙannenta ta ce a nema musu gida a ƙasa, ko ɗaki ɗaya ne, in dai akwai taga da ƙofar da keken Baba zai iya fita.

"Yaya, tashi ba wasa ba ne," in ji Auta. "Ba haske ne matsalar ba? Ai akwai fitilun tsaye, a ƙasa ake ajiye su, ba ruwanki da bangon mutumin nan. Bari ki ga."

Ya turo mata hoton wata mai dogon wuya, ta tashi daga ƙasa ta lanƙwaso kamar sandar mai kamun kifi, kanta na reto. Kafin ta gama dubawa Gimbiya ta turo nata: mai ƙafa uku ta katako, kamar abin ɗora kyamarar masu hoto, da farar hula a ka.

"Wannan ake yayi, Yaya. Waccan ta Auta kamar ta ɗakin cire haƙori."

Suka kama musu a waya, kowa na kare tasa kamar gadon uwa, ba wanda ya tambayi faɗin falon. Mai ɗaki dai shi ya san inda yake masa yoyo. Ta roƙi maƙwabciyarta, wata tsohuwar malamar makaranta, ta zauna da Baba, ta rataya tef ɗin awo a wuya ta sauka.

Shagon fitilun na can bayan tashar motoci. Da ta tura ƙofar gilashin sai da ta runtse ido. Haske ta ko'ina, sama da ƙasa, fari da ruwan zuma. Mai shagon, wani mai tumbi da fara'a, ya kai ta wurin na tsaye.

Ta fara ɗaga mai ƙafa uku da hannu ɗaya. Ba nauyi, ko'ina za ta iya kai ta. Amma da ta durƙusa ta auna tazarar ƙafafun, sai ta ga za su cinye rabin hanyar keken Baba, tayar na taɓa ɗaya, sai ƙasa. Haskenta kuma bazuwa yake yi a ɗaki, ba ya sauka kan abu.

Mai lanƙwasa kuwa gindinta zai shige lungun bayan keken ɗinki, wuyanta ya tsallako ya zubo haske daidai kan allura. Ta gwada turawa. Ko gezau.

"Dutse ne a gindin," in ji mai shago. "In ba haka ba ai da kai za ta kife. Inda aka ajiye ta, nan ne gidanta."

Ta ce za ta yi shawara. Bayan kwana kaɗan ta dawo ta sake awo. Ta kuma dawowa ta tambayi irin ƙwan da ake sa musu. Gaskiya tun zuwan farko ta san amsar. Amma a hanyar akwai masu sayar da lemo, da 'yan makaranta, da iska, a shagon kuma akwai kujera mai laushi da ba wanda ke kiran "Yaya" daga bayanta. Muddin ba ta zaɓa ba, tana da dalilin sa takalmi.

A wani zuwan mai shago ya turo mata kujerar da ƙafa, ya ce, "Baiwar Allah, zauna ki huta abinki. Ba sai kin auna komai ba yau."

Kunya ta kama ta. Ta zauna ɗin, amma zaman bai yi daɗi ba. Da ta koma gida ta tarar da malama a tsaye bakin ƙofa, ranta a ɓace. Baba ya nemi tashi, ya zame, da ƙyar ta tare shi, bayanta ya amsa.

"Ki yi haƙuri 'yata, ƙarfina bai kai ba. Kada wata rana ki dawo ki same mu duka a ƙasa."

Washegari ta buga wa mai shago waya ta ce a kawo mai lanƙwasa.

Leburori biyu suka hau da gindin, suna nishi suna tsine wa wanda ya ƙirƙiro bene. Aka kafa ta a lungu. Silin ɗin gajere ne, sai wuyan ya rusuno ya ratsa tsakiyar falon, duk wanda zai wuce kicin sai ya duƙa. Sau da yawa a makon farko ƙarfen ya gaisa da goshinta.

Da ta kunna, kan fitilar na saitin keken Baba. Ya ɗaga ido ya daɗe yana kallonta, irin kallon da yake wa fitilun bakin titi.

"Mun shigo gari ke nan," ya ce. Ranar ya cinye abincinsa, har ya nemi ƙari.

Ta ji daɗi ƙwarai, ta ɗauki hoto ta tura wa ƙannenta. Gimbiya ta ce ba laifi, amma da an ji maganarta da falon ya fi haka tsari. Auta ya kira da murna.

"Kin gani ko, Yaya? Ɗaki ya zama na 'yan gayu. Maganar tashi kuma ai ta mutu."

Ta buɗe baki, sai ta ji ana kiransa a can, ya ce zai sake bugowa.

Abin da ba ta lissafa ba a duk awonta shi ne, wuyan yana juyawa amma kan guda ɗaya ne. In ta karkato shi kan allura, Baba ya koma cikin duhu, ya fara bubbuga hannun kekensa yana cewa an kashe masa hanya. In ta mayar masa, ita ce a duhu. Ta gwada lallashi, ta gwada yi masa wayo in ya fara gyangyaɗi, amma hasken na barin fuskarsa yake farkawa.

Daga ƙarshe ta bar masa. Ta ja keken ɗinkinta ta matso da shi dab da tayar keken Baba, inda gefen hasken ke ɗan lasar teburin. Hanyar wucewa ta toshe, in za ta kai shi bayi sai ta janye keken ɗinkin, in sun dawo ta sake jawo shi. Baƙin yadi kuwa ta daina karɓa, sai ta tura masu shi wurin wani tela a bakin kasuwa.