Sannu-sannu, Mai Haɗa Kwamfuta a Ƙarƙashin Bene

Kullum da safe yakan ɗaga ƙofar shagonsa da ke ƙarƙashin matakalar bene, ya share, ya shimfiɗa farin ƙyalle a kan tebur, ya jera sukudirebobinsa daga babba zuwa ƙarami. Kafin ya taɓa kayan kowa sai ya dafa ƙarfen ƙofa, wai don kada wutar jikin mutum ta ƙona wani abu. Mutanen layin suna ce masa Sannu-sannu, don ba a taɓa ganin ya yi gaggawa ba. Haɗa kwamfuta ne aikinsa, a kansa kuma ya yi furfura.

Ni ban yi makaranta ba. Jikata ce ke rubuta wannan, na kuma gaya mata idan ta sassauta mini kalma ɗaya zan gane.

Ita ce ma ta kai ni wurinsa. Tana koyon rubuta manhaja, tana kuma son wasannin nan na tseren mota, ga ƙarfinmu kaɗan. Akwai wani faffaɗan allo da ake dasa komai a kansa, suna ce masa modabod. Ta ga wani mai fitilu ja da kore, ta kafe sai shi. Ni kuma na nuna mafi araha, na ce a naɗe mana.

Ya dube mu ta saman tabarau ya ce, "Iya, ke da kishiyar taki duk kun ɓata hanya."

Na ce, "Wannan mai ƙafa kamar tsinke ce kishiyata? To nuna mana hanyar, tunda kai ne direba."

Ya ɗora yatsa a kan wani ɗan murabba'i a jikin allon. Ya ce cifset ke nan, shi ke yanke yawan kayan da allo zai iya ɗauka, yau da kuma nan gaba. Na arahar gurbin memori, wato abin da inji ke riƙe aikin da yake yi da shi, biyu ne kacal, wurin ma'ajiya ɗaya, ranar da aikinta ya yi nauyi sai a jefar da shi gaba ɗaya. Mai fitilun kuwa na masu tilasta wa inji gudun da ya fi ƙarfinsa ne, ita ba ta da wannan bukata. Ya ciro na tsakiya, baƙi, ba ado, mai gurbi huɗu, wanda ya dace da furosesar da ta zaɓa, wato ƙwaƙwalwar injin. Ya ce kuɗin da ya rage a zuba shi a katin hoto, don can wasa yake, ba a fitila ba.

Sannan ya miƙa mata sukudireba. Da hannunta ta dasa komai, yana zaune yana cewa, "Danna har ki ji ƙas. Kada ki ji tsoro, ba ƙwai ba ne." Da aikinta ya ƙaru daga baya, ita ta buɗe ta ƙara memori a tsakar ɗakina. Ba ta koma wurinsa ba.

Telan da ke maƙwabtaka da shi ya ce haka yake yi wa kowa. Ya ce ya ga ranar da wani ya zo da zafinsa sai an ba shi allo mafi tsada, Sannu-sannu ya zaunar da shi, ya yi ta tambayarsa abin da zai yi da injin, har mutumin ya fita da rabin abin da ya zo saye, yana dariya.

Yanzu ga abin da ya sa nake magana. Mai benen ya ce Sannu-sannu ya tashi kafin wata ya ƙare, zai bai wa mai sayar da rigunan waya wurin. Na taka har ofishinsa. Ya ce, "Iya, ki duba da idonki. Shagon kullum wayam. Ina mutanen nasa?"

Na ce, "Suna gidajensu, injinsu na aiki! So kake ya riƙa haɗa musu ruɓaɓɓe don ka ga layi?"

Ya yi murmushi ya ce a raka ni ƙofa.

Sannu-sannu, kai ba za ka yi faɗa ba, na sani, har ka fara neman kwalaye. Kai ne ka sayar wa jikata marainiya abin da zai girma tare da ita. Kai ne ka koya wa mutane abin da zai hana su dawowa wurinka, kana sane. Na gode, Allah ya saka, ya ƙara wa idanun nan haske. Masu sana'a, ku leƙa ku ga yadda ake yi.

Ku kuma da ya haɗa muku inji, an tambayi inda kuke. Ku zo ƙarƙashin benen nan kafin wata ya ƙare, ku tsaya inda mai gini zai gan ku ta taga. Ba sai wani abu ya lalace ba. Ni dai na riga na kai kujerata, kuma ba mai ɗaga ni.